DAGA GASKIYA TA FI KWABO ZUWA WAYAR HANNU: TARIHIN YADDA SAMARINMU KE JIN LABARI

GABATARWA

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wannan 'yar maƙala ga mujallar ƙungiyarmu, wani ɗan ƙyalle ne mai launi uku, fari da shuɗi da ja. A makon farko na watan Agusta na 2024, lokacin da ake zanga-zangar tsadar rayuwa, ina hutu a gida Kano, sai ga ƙanena, yaro ɗan shekara 15, ya faɗo gida da la'asar sakaliya yana haki, da ƙyallen nan ɗaure a sanda. Na tambaye shi tutar wace ƙasa ce, ya ce ta Rasha. Na ce ina Rasha take, gabas ko yamma? Ya yi shiru. Na ce to, me ya gama ta da farashin masara a kasuwar Dawanau? Ya ce shi dai a waya ya gani, an ce masu wannan tuta su ne ke ceton talaka, kuma kowa ya san haka. Mahaifiyarmu ba ta tsaya wata muhawara ba, ta fizge tutar ta cusa a murhu, ta garƙame ƙofa.

Bayan wata uku, ran 1 ga Nuwamba, aka gurfanar da wasu daga cikin waɗanda aka kama a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa. A cikinsu akwai yara kusan 30 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali don galabaita. Sai da ƙasa ta ɗauki surutu sa'an nan Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da umurnin a sake su. Da na ga hotunan yaran nan, wallahi fuskar ƙanena na riƙa gani.

Ƙanena ba wawa ba ne, kuma yunwar da ta fitar da shi titi gaskiya ce, don a tukunyar gidanmu ma mun gan ta. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da labari ya biyo ya same shi, ba wanda ya tare shi ya tambaye shi daga ina yake. Wannan ya sa na waiwaya baya don in ga yadda samarin da suka gabace mu suka riƙa jin labari, da abin da suka yi da shi.

KAFIN ZUWAN JARIDA

Tun kafin Turawa su zo ƙasar Hausa tana da hanyoyinta na watsa labari. Saƙon sarki sankira ke yin shelarsa, labarin nesa kuwa fatake da alhazai da almajirai ke kawo shi, kasuwa ta raba wa kowa. Malamai da sarakuna suna aika wa juna wasiƙu da Larabci da ajami. Abin lura a nan shi ne, kowane labari yana tafe ne da fuskar wanda ya kawo shi. In falke ya shirga ƙarya bana, baɗi in ya dawo an san shi, ba mai sayen zancensa.

Ƙarya ma ba baƙuwa ba ce, shi ya sa harshenmu ya tanadar mata sunaye barkatai: ji-ta-ji-ta, da ƙila-wa-ƙala, da shaci-faɗi, da labarin ƙanzon kurege. Addini kuma ya zo ya ƙarfafa wannan taka-tsantsan. Aya ta 6 a cikin Suratul Hujurati umurni ce da a yi bincike kafin a yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a zo ana da-na-sani. Malaman hadisi irin su Buhari da Muslim kuwa ilmi guda suka gina a kan isnadi, watau jerin mutanen da magana ta biyo ta bakinsu, a bi su ɗaya bayan ɗaya a san wane ne mai gaskiya, wane ne mai mantuwa. Yaron da ya tashi a zaure ya saba da jin tambayar nan ta dattawa, "Wa ya gaya maka?"

ZAMANIN GASKIYA TA FI KWABO

Ko mai karatu ya san cewa ji-ta-ji-ta na cikin abin da ya haifi babbar jaridar Hausa? A ƙarshen shekarun 1930, sa'ad da Hitila ke neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata, zance ya bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa masa Nijeriya. Tsoron irin wannan zance, da kuma abin da jaridun Kudu ke rubutawa, na cikin dalilan da suka sa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, Dokta Rupert East na kula da aikin, Malam Abubakar Imam na edita. Sunan kansa amsa ce ga masu baza zance. Lokacin yaƙi kuma aka ƙara da 'Yar Gaskiya cikin ajami, da wata takarda mai suna Suda mai kawo labarin fagen fama.

Kada mu ruɗi kanmu, jaridar hukumar mulkin mallaka ce, kuma a lokacin yaƙi ɓangaren Ingila take karewa. Amma ta buɗe wata ƙofa da masu ita ba su iya rufewa ba, watau shafin wasiƙu, inda malamin makaranta ko akawun En'e zai rubuto kukansa, mutanen wani lardi su karanta su ba shi amsa.

A farkon shekarun 1950 aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, wanda sunan Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice a cikinsa. Hukumar NORLA kuma ta riƙa buga jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Albishir ta Barno, Ardo ta Adamawa. Kakana, Allah ya jiƙansa, a ajin Yaƙi da Jahilci ya koyi boko yana saurayi, a wani ƙauye cikin Lardin Katsina. Ya sha gaya mana cewa jarida ɗaya ke zuwa garinsu, ita ma sai ta kwana biyu a hanya. Bayan sallar la'asar sai a taru a rumfar wani tela, a miƙa masa ya karanta da ƙarfi. Ya ce ba ya gama sakin layi ba a tsayar da shi ba. Wani tsoho ya ce, "Yaro, wa ya rubuta wannan?" Wani ya ce, "Na je garin nan bara, ba haka abin yake ba." Wani kuma ya ce, "Bature ne ya sa a faɗi haka, don ga haraji ya kusa." Kafin magariba labari guda ya sha tankaɗe da rairaya a bakin mutum ashirin.

Ni a nawa ɗan gajeren tunani, rumfar telan nan ita ce makarantar farko ta tantance labari a zamanin boko, ko da yake ba wanda ya kira ta da wannan suna. Daga irin wannan zama kuma siyasar Arewa ta tsiro. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauci, inda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano, wanda shekarunsa ba su wuce 23 ba a lokacin, ke tafka muhawara, har da maganarsu ta fara taɓo mulkin En'e aka rufe ta. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, tana da shekara 17 ta shiga wannan jam'iyya a Zariya, ta sha ɗauri sau da yawa, alhali matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a a lokacin. Ba su same shi ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓen 1979. Ashe shigar yara ƙanana harkar ƙasa ba yau aka fara ba. Bambancin shi ne Gambo ta san abin da tutar da ta ɗauka ke nufi, ta san shugabanninta da sunayensu, ta kuma san abin da take nema.

ZAMANIN AKWATIN REDIYO

Jarida sai mai ilmin boko, amma rediyo ba ruwanta da wannan. Ran 13 ga Maris 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri na minti 15, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Da ƙananan rediyo masu batir suka yi araha, sai Bahaushe ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sauraron rediyo, daga mai shayi har makiyayi a daji, daga Damagaram har zangon Kumasi.

Rediyo ma ba ta rushe majalisa ba, ƙara mata armashi ta yi. A ƙofar gidanmu mahaifina da abokansa sukan saurari London, su murɗa su ji Jamus, su koma Kaduna, sa'an nan su kwatanta. In tashoshi uku suka haɗu a kan magana, a ce ta tabbata. In suka saɓa, a ce a jira gobe. Mu yara muna gefen tabarma muna ji, ba mu san darasi muke ɗauka ba. A wannan zamani ne ma aka yi wa mai baza zance sabon suna, rediyo mai jini.

Sai dai kada son zamanin da ya sa mu rufe ido. Masana tarihi suna ambaton wani rahoto da gidan rediyon Kwatano ya watsa a ƙarshen Satumba 1966, aka maimaita shi a Kaduna, cewa ana kashe 'yan Arewa a Jihar Gabas, a cikin abubuwan da suka ruruta kashe-kashen Ibo a garuruwan Arewa, dubban rayuka suka salwanta, ƙasa ta gangara zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Haka nan a 2003, tun ba a san Facebook ba, zance ya bazu cewa allurar shan-inna na hana haihuwa, aka dakatar da rigakafi a Kano har tsakiyar 2004. Cutar ta sake yaɗuwa, har ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara masu yawa suka nakasa. Nahiyar Afirka ba ta sami shaidar rabuwa da ƙwayar cutar ta asali ba sai a Agusta 2020. Watau ko da majalisa na nan, in tsoro ko fushi ya rufe dattawan kansu, tankaɗen ba ya aiki.

ZAMANIN WAYAR HANNU

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Aka ƙirƙiro Facebook a 2004, WhatsApp a 2009, daga baya TikTok ya zo ya kwashe yara. Farkon abin ya ba da sha'awa ƙwarai. Da aka janye tallafin mai ran 1 ga Janairu 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, samari suka yi amfani da waya suka kira juna, suka mamaye shataletalen Silver Jubilee a Kano, har gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Haka kuma yekuwar da matasa suka yi ta kai ga gyaran tsarin mulki da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 31 ga Mayu 2018, wanda ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a Oktoba 2020 ma a waya aka ƙulla ta. Wanda ya ce waya ba ta yi wa matasa rana ba, bai yi adalci ba.

To, amma ga ɗaya gefen. Ba na mance wata asuba cikin Agusta 2014, ina ɗan shekara 10, aka tashe mu aka yi mana wanka da ruwan ɗumi da gishiri, wai maganin Ibola ne, cutar da ta shigo Ikko cikin Yuli. Saƙo ne ya zaga wayoyi cikin dare ɗaya, 'yan'uwa na buga wa 'yan'uwa. Kafin gidajen rediyo su yaɗa gargaɗin hukumomin lafiya aikin gama ya gama. Wani maƙwabcinmu mai hawan jini da ya ɗirki ruwan sai asibiti, a wasu wurare kuwa har an rasa rayuka. A Yuni 2018, lokacin rikicin Filato, aka yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook, wasunsu ma ba a Nijeriya aka ɗauke su ba, kuma 'yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen tunzura ramuwar gayya a kan matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. A shekarar nan dai aka baza cewa Buhari ya rasu, wani Jibrin daga Sudan ke zaune a madadinsa, har sai da shi da kansa ya fito ya ƙaryata a ƙasar Folan cikin Disamba.

Me ya canja? Abu uku na gani. Na farko, labari ya rasa isnadi. Saƙon murya yakan zo ba suna ba gari ba kwanan wata, sai dai "a tura wa 'yan'uwa Musulmi". Na biyu, majalisa ta watse. Ƙanena a kan katifarsa yake jin labari ƙarfe ɗaya na dare, da abin saurare toshe a kunne, ba tsohon da zai ce masa wa ya rubuta wannan. Na uku, wanda ke zaɓar masa abin da zai gani ba edita ba ne irin Imam da za a iya rubuta wa wasiƙa a ƙalubalance shi. Wani lissafi ne da kamfani ya ɗora wa na'ura, aikinsa ya lura da abin da ke tsayar da idon yaro ya ƙaro masa irinsa, domin kuɗin talla gwargwadon daɗewar mai kallo ne. Abin da ke tsayar da ido kuwa galibi mai tada hankali ne ko mai sa fushi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, hotunan masu ɗaga tutar Rasha a Yamai suka cika wayoyi, kuma tsakanin Kano da Maraɗi harshe ɗaya ne. Ƙanena ya kalli ɗaya, aka ba shi goma, ya kalli goma, aka ba shi ɗari. Shi ya sa da zuciya ɗaya ya ce mini kowa ya san haka. Daɗin daɗawa, yanzu ƙirƙirarriyar basira na iya kwaikwayon muryar malami ko shugaba ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, har karin maganar nan ta gani ya kori ji ta fara neman gyara.

FUSHI A WAYA, SHIRU A RUMFAR ZAƁE

Da wannan yawan labari ya zama ƙuri'a, da sai mu ce riba ta fi hasara. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum miliyan 93 da 'yan kai suka yi rajista, kusan miliyan 37 daga cikinsu 'yan shekara 18 zuwa 34 ne, sai ga shi waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba, watau wajen kashi 27 cikin ɗari, adadin da ya fi kowane ƙanƙanta tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Akwai dalilai da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi na lokacin da yanke ƙauna daga 'yan siyasa. Duk da haka na gwada wani abu a ɗakin kwananmu. Na tambayi abokaina sunan kansilan mazaɓarsu da nawa aka ware wa asibitin garinsu a kasafin kuɗi, ba wanda ya amsa duka biyun, ni ma mai tambayar ban sani ba. Amma kowannenmu na iya kwana yana zayyana rikicin Yukiren da na Gabas ta Tsakiya. Mun san na nesa, na ƙofar gida ya gagare mu. In mu da muke jami'a haka muke, da wane baki za mu zargi ɗan shekara 15?

KAMMALAWA

Tarihin nan ya nuna mini cewa ƙarya ba ta taɓa ƙaura daga cikinmu ba, samari kuma ba su taɓa daina shiga harkar ƙasa ba. Abin da ya kare kakana shi ne yana karatu a gaban mutanen da ke tsayar da shi. Hana yaro waya ba zai yi magani ba. Gwamnati ma ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, mutane suka bi ta bayan gida suka ci gaba da shiga. Abin da za mu iya shi ne mu maido da rumfar tela.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara, maimakon mu tsaya ga wasan kwaikwayo da gasar waƙa a Makon Hausa kaɗai, mu riƙa zuwa makarantun sakandare na kusa da mu ko sau ɗaya a wata. Mu ɗauki saƙo ɗaya da ke yawo a wayoyin ɗalibai, mu baje shi a gabansu da Hausa, mu yi masa tambayoyin dattawa: wa ya faɗa, a ina, yaushe, wa kuma ya tabbatar, wa zai ci riba in na gaskata? Mu nuna musu yadda ake neman asalin hoto a intanet, da aikin masu bin diddigi irin su Dubawa, wadda aka kafa a 2018. Sa'an nan mu rufe zaman da sunan kansila da ɗan majalisar yankin, da inda ake yankar katin zaɓe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ni dai na fara daga gida. Duk sa'ad da na je hutu, bayan sallar isha'i nakan ce wa ƙanena ya cire abin kunnen nan ya kunna mana abin da ya gani yau kowa ya ji. Da farko fushi yake yi, yana cewa na raina shi. A hutun da ya wuce wata gwaggonmu ta turo saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi, wai kada kowa ya fita kasuwa gobe za a kawo hari. Kafin in yi magana sai na ga ya rubuta mata, "Gwaggo, don Allah wa ya gaya miki?" Ta kira mahaifiyarmu ta kai ƙararsa cewa ba shi da kunya. A Nuwamba 2026 zai cika shekara 18 da yardar Allah, kuma na yi masa alkawarin ni zan raka shi yankar kati.

Allah ya kare mu daga sharrin ji-ta-ji-ta, ya ba mu ikon bin gaskiya komai ɗacinta, amin. Wassalam.